Kare a Bakin Ƙofa: Makafi, Kurame da 'Yancin Shiga Wuraren Jama'a

A biranen Ingila, da wuya ka sami makaho mai yawo da kare ɗan jagora wanda ba zai ba ka irin wannan labari ba. Ya kira tasi ta waya, ya fito bakin titi yana jira, karen na zaune daf da ƙafarsa ta hagu. Sai ya ji mota ta rage gudu ta matso. Kafin ya laluba mariƙin ƙofa, an taka mai, ƙarar inji ta yi nisa. Direba ya hango kare, ya yi gaba abinsa. Makaho bai ga lambar mota ba, bai ga fuskar direba ba, ga shi kuma likita ko wurin aiki na jiran sa.

Abin da direban nan ya aikata laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu saboda shi. Dokar Daidaito ta Birtaniya ta 2010, a sashe na 168 da na 170, ta wajabta wa direban tasi da na motar haya su ɗauki mai lalura tare da karensa, su bar karen ya zauna wurin mai shi, kuma kada su ƙara ko sisi a kan kuɗin mota. Wanda ya saɓa, tararsa na iya kaiwa fam 1,000, ƙaramar hukumar da ta ba shi lasisi kuma tana iya ƙwacewa. Mafita ɗaya ce aka bar wa direba: in yana da asma mai tsanani ko borin jini da gashin kare ke tayar masa, ya kai shaidar likita tun da wuri, a ba shi takardar keɓewa ya liƙa a motarsa.

Doka ke nan a takarda. Amma da ƙungiyar Guide Dogs, wadda ita ce babbar mai horar da karnukan makafi a ƙasar, ta tambayi masu amfani da karnukanta a 2022, fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗanda suka amsa sun ce an taɓa hana su shiga wani wuri ko wata mota saboda kare. Shekara goma sha biyu ke nan bayan kafa dokar.

Daga filin yaƙi zuwa titin New York

Yaƙin Duniya na Ɗaya ne ya haifi wannan sana'a. Dubban sojojin Jamus sun koma gida ba ido, wasu iskar guba ta ci, wasu tartsatsin bam. A 1916 wani likita, Gerhard Stalling, ya buɗe makarantar horar da karnuka su ja waɗannan sojoji a garin Oldenburg. Wata Ba'amurkiya mai kiwon karnuka a Suwizalan, Dorothy Harrison Eustis, ta ziyarci irin wannan makaranta a Potsdam, abin ya burge ta, ta rubuta labarinsa a wata mujallar Amurka a watan Nuwamban 1927.

A Nashville ta jihar Tennessee aka karanta wa wani saurayi labarin. Sunansa Morris Frank. Idonsa ɗaya ya tafi yana ɗan shekara 6, ya yi karo da reshen itace a kan doki. Ɗayan kuma a dambe yana ɗan shekara 16. Samari yake biya su ja shi, kuma ya gaji da su: yau ɗan jagora ya makara, gobe bai zo ba. Ya rubuta wa Eustis wasiƙa, ta gayyace shi Suwizalan a 1928, aka haɗa shi da wata karya da ya raɗa wa suna Buddy. Da ya sauka New York, 'yan jarida suka tsaya suna kallo ya ƙetare titin West Street mai cunkoson manyan motoci, shi da karyarsa kawai. Telgiram ya aika wa Eustis mai ɗauke da kalma ɗaya tak: nasara. A watan Janairun 1929 su biyu suka kafa makarantar The Seeing Eye, wadda har yau take aiki a jihar New Jersey. Dala 150 ɗalibi ke biya don karensa na farko, kuɗin da bai canja ba tun 1934.

Sai dai Frank bai daɗe ba ya gane cewa ƙetare titi ne mai sauƙin. Karya za ta kai shi har ƙofar otal, ko tashar jirgin ƙasa, ko gidan abinci, a nan sai mai gadi ya tare: ba a shiga da kare. Shekaru ya kwashe yana zaga Amurka yana lallashin masu otal da kamfanonin sufuri da 'yan majalisa. Daga wannan fafutika dokokin shiga wuraren jama'a suka samo tushe, jiha bayan jiha. A fannin horar da karnukan, Ingila ta bi sahu a 1931, lokacin da wasu mata biyu, Muriel Crooke da Rosamund Bond, suka shirya horar da karnuka huɗu na farko a Wallasey, kusa da Liverpool. Shekaru 70 bayan haka David Blunkett, wanda aka haifa makaho, ya zama sakataren harkokin cikin gida na Birtaniya, yana jawabi a zauren majalisa karensa na kwance ƙarƙashin benci.

Abin da karen ke yi

Sai an fahimci aikin karen sannan za a gane dalilin da doka ta tsaya masa. Mutane da yawa suna zaton shi ne ya san hanya, ko shi ke karanta fitilar ba da hannu. Ko kusa. Makahon ne ke riƙe da taswirar gari a kansa, shi ke kasa kunne ga motsin motoci ya san lokacin ƙetarewa, shi ke ba da umarni: gaba, dama, hagu. Karen yana sanye da ɗamara mai mariƙi ƙaƙƙarfa, ta nan mai shi ke jin duk wani karkata ko tsayawa da ya yi. Aikinsa ya kauce wa rami da turke da motar da aka ajiye a kan hanyar ƙafa, ya tsaya cak a bakin matakala, ya nemo ƙofa ko kujera, ya lura har da reshen da shi kansa zai wuce ƙarƙashinsa lafiya amma zai doki goshin ubangidansa.

Akwai wani darasi da masu horarwa ke ɗauka shi ne ƙololuwa: a koya wa kare ya ƙi bin umarni idan umarnin zai kai ga halaka. An ce masa gaba, ga mota ta taho da makaho bai ji ba, sai ya kafe. A zamanin motocin lantarki da ba su da ƙara, wannan taurin kai ya ƙara daraja.

Kafin a kai nan, ɗan kwikwiyo yakan yi shekara guda da 'yan watanni a gidan masu aikin sa kai, ana shiga da shi kasuwa da bas da jirgin ƙasa don ya saba da hayaniya, a koya masa kada ya kula abincin da ya faɗi ƙasa, kada ya yi bahaya sai inda aka ce. Daga nan ƙwararru su karɓe shi na wasu watanni. Da yawa ba sa cin jarrabawar. Wanda ya ci yakan yi aikin shekara bakwai ko takwas, kuma daga haihuwa zuwa ritaya kuɗin da ake kashewa a kan kare ɗaya a Birtaniya ya haura fam dubu 50, akasari daga gudummawar jama'a.

Saboda haka doka ba ta kallon sa a matsayin dabbar gida. A wurinta matsayinsa ɗaya da farar sanda ko keken guragu. Wanda ya ce wa makaho ya shigo amma ya ɗaure karensa a waje, kamar ya ce wa gurgu ne ya sauka daga kekensa a bakin ƙofa ya rarrafo.

Tambaya biyu, da giɓi ɗaya

A Amurka, shugaba George Bush babba ya sa hannu kan Dokar Amurkawa Masu Lalura ranar 26 ga Yulin 1990. Ƙa'idojin da ma'aikatar shari'a ta sabunta, waɗanda suka fara aiki a watan Maris na 2011, sun yanke gardama da yawa. Mai kanti ko mai otal tambaya biyu kawai aka yarda ya yi, ita ma sai in aikin karen bai fito fili ba: shin saboda lalura ake tafe da karen nan, kuma wane aiki aka horar da shi ya yi? Ba shi da hurumin tambayar irin ciwon mutum, ko neman takardar shaida, ko cewa kare ya gwada aikinsa a gani. Tsoron kare ko borin jini ba su isa dalilin korar mutum ba. Sai dai a raba wa mai karen da mai ƙorafin wurin zama. Ana iya fitar da kare a hali biyu: in ya fi ƙarfin mai shi yana ta'adi, ko in yana ɓata wuri da ƙazanta. Ko a nan, dole a ci gaba da yi wa mai shi hidima.

Kamfanonin da ake kiran motarsu ta manhajar waya sun shigo da sabuwar fitina, domin direba yana iya soke tafiya da yatsa ɗaya. A 2021 wani alƙalin sasanci ya umarci Uber ya biya kusan dala miliyan 1.1, diyya da kuɗin lauyoyi, kan wata makauniya ta yankin San Francisco da direbobi suka ƙi ɗauka ko suka muzguna wa har sau 14. Kamfanin ya kafa hujja da cewa direbobin ba ma'aikatansa ba ne, masu zaman kansu ne. Ba a karɓi hujjar ba.

A Birtaniya giɓin yana wani wuri dabam, kuma a ganina shi ne ke bayyana alƙaluman nan na 2022. Direban tasi da ya ƙi ɗaukar kare, hukuma ce ke kai shi kotu. Amma mai gidan abinci ko kanti da ya yi haka, tsakaninsa da wanda ya kora ne. Makahon ne zai tattara shaida, ya nemo lauya, ya shigar da ƙara cikin wata shida, da sanin cewa in ya faɗi kuɗi na iya hawa kansa. Wa zai yi duk wannan kan kofin shayi? Galibi sai su haɗiye, su rubuta takardar koke, a ba su haƙuri, mako mai zuwa abin ya sake faruwa a kanti na gaba. Wasu ma sun daina zuwa wuraren da ba su saba ba, kare da aka ba su don su fita ya zama dalilin zaman gida.

Inda dokar ta nuna haƙora shi ne kan karnukan banza da ke far wa karnukan aiki a titi. Tun 2014, wanda ya bar karensa ya raunata kare mai taimakon masu lalura a Ingila zai iya shan ɗaurin shekara 3.

Kurma ba a ganin lalurarsa

Lamarin kurame ya fi wuyar sha'ani. Makaho ana ganin sa, ana ganin ɗamarar karensa, galibi kuma babban kare ne irin Labrador da kowa ya saba gani a hoto. Kurma kuwa ya shigo da ƙafarsa, idonsa garau, riƙe da wani ɗan ƙaramin kare mai gashi buzu-buzu. Mai gadi ya ɗauka ɗan gayu ne ya zo da abin wasansa. Ya yi masa magana daga baya, bai juyo ba; ya ɗaga murya, shiru. Kafin a ankara an riƙo masa hannu, shi kuwa bai ma san an yi magana ba. Gardamar da makaho zai yi da baki, kurma sai ya nemi takarda da biro.

Ƙungiyar Hearing Dogs for Deaf People, da aka ƙaddamar a 1982, tana sanya wa karnukanta riga ja mai duhu don a shaida su. Aikinsu kunne ne. In agogo ya kaɗa, ko an danna ƙararrawar ƙofa, kare zai zo ya zunguri mai shi, ya kai shi wurin da ƙarar ta fito. In kuwa ƙararrawar gobara ce, ba zai kai shi ko'ina ba: zai zungure shi ya kwanta a ƙasa, alamar haɗari. Duk wanda ya yi tunanin kurma shi kaɗai a ɗakin otal da tsakar dare, ya cire na'urar kunnensa ya yi barci, zai gane me ake hana shi idan aka ce karensa ba zai kwana ba. Wanda ya haɗa makanta da kurumta kuma, ɗamarar karensa ja da fari ce, kamar yadda sandarsa ke da jan zobe. Japan ma, a dokarta ta 2002, ta lissafa karen kurame tare da na makafi da na masu lalurar gaɓoɓi.

Akwai kuma 'yan damfara. A Amurka, a da, tunda ba a tambayar takardar karen aiki, wasu sukan sayi riga a intanet su sanya wa karen gida don su shiga da shi jirgi kyauta. Abin ya kai ga a 2018 wata mata ta je filin jirgin Newark da ɗawisu, ta ce shi ke kwantar mata da hankali. Wake ɗaya ke ɓata gari: karen bogi ya yi haushi ko ya ciji wani, gobe makaho na gaskiya ya sha tuhuma. Daga farkon 2021 Amurka ta daina tilasta wa kamfanonin jirage ɗaukar dabbobin kwantar da hankali, ta bar karnukan da aka horar kaɗai.

Zancen najasa

Ga inda maganar ta iso gida. Da yawa daga direbobin tasi da masu gidajen abinci a Ingila musulmi ne, kuma duk lokacin da ɗayansu ya ce addininsa ne ya hana shi ɗaukar kare, wasu jaridu sukan yi ta yayatawa kamar musulmi kaɗai ke wannan laifi. Ba haka ba ne. Mai gudun gashin kare a kujerar motarsa ba shi da addini ɗaya. Amma hujjar tana fitowa, kuma kotunan ƙasar ba sa karɓar ta.

Damuwar direban ba ƙarya ba ce. A mazhabar Shafi'iyya da Hambaliyya yawun kare najasa ce mai nauyi, Hanafiyya ma najasa suke ɗaukar sa, kuma mutumin da zai yi salla da tufafin aikinsa dole ya kula. Sai dai wanda ya yi karatun zaure a Kano ko Sakkwato ko Damagaram ya san wani zance dabam. A Malikiyya duk mai rai mai tsarki ne, har da guminsa da yawunsa, kuma kare bai fita daga wannan hukunci ba. Wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki a ciki, malaman mazhabar sun ɗauke shi umarni ne da ake bi don ibada. Duk mazhabobi kuma sun yarda da riƙon kare don farauta da tsaron dabbobi da gona, Suratul Ma'ida ma ta halatta abin da horarriyar dabbar farauta ta kamo. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, mai Risala, ya ajiye kare a gidansa lokacin da katangarsa ta faɗi. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik ya karhanta haka, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, da zaki zai ajiye. In an yarda da kare don tsaron tumaki da dawa, ina ga wanda ke tsaron ran mutum a bakin titi?

Tsoron kare da ke zukatanmu yana da wani tushe kuma wanda bai shafi fiƙihu ba. Ciwon haukan kare na kashe kimanin mutum dubu 59 a duniya kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya. Wanda ya tashi yana ganin haka ba a yi masa dariya don ya ja da baya. Amma karen da ake magana a kai an yi masa allura, likita na duba shi a kai a kai, kuma ko an taka masa wutsiya an koya masa ya yi shiru.

Kare ɗan jagora ba abin da ido ya saba gani ba ne a garuruwanmu, kuma ba na jin zai zama ruwan dare nan kusa. Ga tsada, ga zafin kwalta, ga buɗaɗɗun kwatoci da 'yan adaidaita da rashin hanyar ƙafa. A nahiyar nan Afirka ta Kudu ce ta yi nisa, inda Gladys Evans ta kafa ƙungiyar horar da su tun 1953. Mu namu ɗan jagoran yaro ne, riƙe da bakin sanda, ɗa ko jika ko ɗan maƙwabci, wanda sau da yawa jagorancin ke cinye masa lokacin makaranta. Amma tambayar bakin ƙofa ɗaya ce. Ƙofar banki mai gano ƙarfe da ke ƙin buɗewa ga mai sanda ko mai keke, da asibitin da kurma zai shiga ba mai fassara masa maganar hannu, duk dangin direban nan ne da ya taka mai. Najeriya na da dokar hana nuna bambanci ga masu lalura, wadda shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019: tarar naira dubu 100 ko ɗaurin wata shida ga mutum, naira miliyan 1 ga kamfani, da wa'adin shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a, wanda ya cika a farkon 2024. A watan Maris na shekarar hukumar filayen jiragen sama ta rufe wani gidan abinci a filin jirgin Legas bayan an hana wani mai keken guragu shiga. Najeriya da Nijar kuma duk sun amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙin masu lalura, wadda rubutunta na Faransanci ya ambaci taimakon mutum da na dabba ƙarara.

Musulmin Birtaniya sun gwada warware nasu ƙullin a wurin da ya fi kowane wuya. A birnin Leicester akwai wani saurayi makaho ɗan shekara 18 da karensa ke kai shi makaranta da ko'ina, amma in zai je masallaci sai ya jira wani ya ja shi. Ƙungiyar Guide Dogs da Majalisar Musulmin Birtaniya suka kai batun gaban wata majalisar malaman shari'a ta ƙasar, aka yi watanni ana nazari. A watan Satumban 2008 fatawa ta fito: makaho na iya zuwa masallaci da karensa, amma karen ba zai shiga inda ake salla ba. Masallacin unguwar ya keɓe wa karen wuri a mashiga, aka koya masa ya kwanta a can ya jira. Saurayin ya cire masa ɗamara, ya tuɓe takalmi, ya shiga sahu. In an sallame, ya fito ya iske shi inda ya bar shi, su kama hanyar gida.